Ko'ina Banda Fuska

Duk wanda ya taɓa shiga mota a tashar Jalingo, daga shekaru talatin baya zuwa bara, ko dai ya ga Tobias Guduma yana fasa wa wani fuska, ko kuwa ya iso an gama ana zuba ƙasa a kan jinin. Ɗan kamasho ne mai lodin motocin Wukari. Gajere, kakkaura, wuya kamar turmin daka. Ni ƙanwar kakarsa ce, autar ɗakinmu, saboda haka jikana ne, kuma bisa wasan kaka da jika, mijina. Na auri maza biyu na gaske, duka na binne su, amma a cikinsu babu wanda ya gajiyar da ƙafata zuwa ofishin 'yan sanda kamar wannan na wasan.

Ba da hannu yake faɗa ba. Hannu na kama kwalar riga ne kawai. In ya riƙe ka, sai ya ja kansa baya kamar mai shirin atishawa, ya sauke maka goshi a tsakiyar fuska. Ƙarar kamar an buga kwakwa da siminti. Tun yana goye ya fara, ya tunkuyi uwarsa a baki har haƙori ya girgiza. Na ce mata ta bincika da kyau, ɗan rago ta goya. Ya girma ya tunkuyi direbobi masu satar layi, ya tunkuyi mahauci a kan awon nama, ya tunkuyi wani soja da ya zo hutu. Abokan sojan suka ɗauke Tobias da hantsi, suka dawo da shi da la'asar a bayan a-kori-kura, rabin kunnensa na dama ya tsaya can wurinsu.

Fuskar tasa kuwa, ai gona ce da aka yi wa noman ganganci. Hanci ya karkata hagu kamar yana sauraron gulma, gira ta rabu biyu, goshi ya yi tudu kamar kunyar doya. Ranar Lahadi shi ya fi kowa ɗaga murya a waƙa, dattawan majami'a kuma suna zaunar da shi kusa da ƙofa. Matarsa Caroline, mai sayar da doya, bai taɓa duka ba, wannan zan shaide shi. Nakan ce masa ba kirki ba ne, ta fi shi tsawo ne, goshin bai kai ba.

'Yarsu ɗaya, Lois. Ta ɗauko kan uwarta, mun gode Allah, ta yi karatun jinya. Paul, ɗan Noah kafinta na unguwar Sarkin Dawaki, ya nemi aurenta. Ranar da danginsa suka kawo gaisuwa gidan Tobias a unguwar Barade ina zaune a kan tabarma. Aka ci, aka sha, fasto ya yi addu'a ya tafi. Noah mutum ne mai barkwanci, irin wanda ba ya iya haɗiye magana in ta zo masa da daɗi. Ya dubi Lois tana kwashe kwanuka, ya ce yarinya kam ta yi, Allah dai ya sa ba ta gado goshin ubanta ba, don ɗansa hanci ɗaya gare shi. Kowa ya yi dariya. Ni ma na yi, maganar ta isa dariya.

Tobias ya tashi kamar zai ba shi hannu, ya kama wuyan babbar rigarsa. Tunkuyin farko ya nutsar da hanci. Na biyu ya karya ƙashin kunci. Na uku ya sami ido. Jini ya fantsama a kan buhun gishiri da atamfofin da suka kawo. Lois na tsaye da kwanuka a hannu, ba ta sake su ba, ba ta yi ihu ba. Ta kai su bayan ɗaki ta wanke tas, ta kife, sannan ta haɗa jakarta.

Noah ya rasa idon hagu. Tobias ya yi zaman kurkuku ya fito da ƙarin tabo. Aure ya mutu, Paul ya auri kwalba. Lois ta sami aikin asibiti a ƙetaren teku, can ta yi aure. Uwarta kaɗai take kira. In suna hira ta bidiyo Tobias ya leƙo, sai fuskar wayar ta yi baƙi. Shekaru suka tafi a haka, shi kuwa duk ranar da aka kashe masa waya a fuska, washegari wani direba zai biya da hancinsa.

Bara Lois ta haifi 'ya mace, ta sa mata Murna. Ta ce wa uwarta su zo su ga jika, su biyu. Ranar Tobias bai je tasha ba. Na same shi bayan gida yana fuskantar katanga, kafaɗunsa na rawa. Na tambaye shi ko albasa yake yankawa. Ya ce in bar shi, tsohuwar banza. Na ce to, maigida, a yanka a hankali.

Suka yi fasfo, biza ta fito, Lois ta aiko wa ubanta da sabuwar waya. Ta ce yanzu tafiya ta canza, fasfon ma a cikin waya ake ɗauke da shi. Muka ɗunguma shagon Muntasir mai gyaran waya a unguwar Turaki, ni na bi su don kallo. Muntasir ya ɗora wayar a kan littafin fasfo ta karance abin da ke ciki. Sannan ya ɗaga ta a gaban Tobias. Kalli nan. Juya hagu. Juya dama. Ƙifta ido. Tun da aka haife shi babu mahalukin da ya ce masa juya ya juya, sai ga 'yar waya ta sa shi rawar kai a gaban jama'a. Da ta gama ta yi ƙyas, Muntasir ya ce boɗɗum, wato ya yi kyau da Fulatanci, ta karɓa. Ya yi mana bayani cewa a babban filin jirgi akwai ƙofar gilashi, babu mutum a bakinta. Ka nuna mata waya, ka kalle ta. In fuskar da ke gabanta ta yi daidai da wadda ke cikin waya, sai ta buɗe. Can ƙasar ma haka. Ita kanta wayar daga yau ba ta buɗuwa sai ta ga mai ita.

Duk wannan Lois na kallo ta wayar uwarta. Sai ta ce a miƙa wa ubanta. Karon farko ke nan tun ranar kwanuka. Ya riƙe wayar da hannu biyu kamar an ba shi garwashi.

"Baba, fuskar nan da na'ura ta ɗauka yau, ita za ka kawo mini. In aka ƙara mata ko da ƙwarzane ɗaya, ƙofa ba za ta buɗe ba. Ni ma ba zan buɗe tawa ba."

Ya ce ya ji. Ta kashe.

Ni dai na tsufa kuma ba jiya na zo duniya ba. Na ji a jikina yarinyar ta ƙara gishiri, igiya ce ta ɗaura wa rago. Amma igiya ce mai kyau, wa zai kwance? Caroline ta naɗe littattafan fasfo biyu a leda ta soke a jakarta, Tobias ko kallonsu bai yi ba. A wurinsa littafi ya mutu, fuska ce fasfo.

Muntasir mutumin kirki ne, sai dai bakinsa rariya. Kafin Tobias ya koma aiki tasha duka ta san an ɗaure goshin Guduma. Ka san halin mutane da zakin da ya faɗa rami. Yaran mota da a da ba sa iya haɗa ido da shi suka fara taka masa ƙafa. Wani ya kwance masa layin lodi a gabansa. Wani ya tofa masa ɓawon rake a riga. Ana ganin jijiyar wuyansa tana tashi, kan yana ja baya da kansa, sai ya tuna, ya sa hannu ya dafe goshin kamar mai riƙe akuya a kasuwa.

Da abin ya yi yawa ya tono wata tsohuwar hular kwano, ta zamanin da ba a hana acaɓa a garin nan ba, ya kifa. A zafin Jalingo! Mutum yana lodin fasinja, kansa na dahuwa kamar ƙwai a tukunya. Rannan wasu direbobi suka kewaye shi bayan rumfar mai shayi. Ɗaya ya kwaɗa wa hular sifana, ɗaya ya zuba masa bel ɗin fanka a baya har riga ta tsage. Tobias ya sunkuya ya bi ta tsakanin ƙafafunsu, ya faɗa cikin wani keke-napep da ke tafiya. Tobias Guduma ya gudu. Waɗanda suka gani har yau suna rantsuwa kafin a yarda da su.

Kowace safiya, kafin ya gaishe ni, sai ya gaida waya. Ya cire hula, ya ɗaga ta, ta buɗe. Ya ce, "Kaka, ya gane ni." Na ce wa zai kasa gane wannan fuskar, ko makaho ya shafa ai zai kira sunanka.

Da zama ya yi a ɗaki har ranar tafiya, da yanzu wani labarin nake ba ku. Amma a danginmu mutum ba ya ƙetare babban ruwa sai ya yi sallama. Ba sallamar ɗaga hannu daga cikin mota ba. Za ka bi gidajen waɗanda ka ɓata wa da ƙafarka, da wani babba a bayanka don shaida. Ka cire takalmi, ka cire hula, ka durƙusa, ka ce a yafe. Mai gida ya faɗi abin da ke cikinsa. In ya huce ya miƙo maka ruwa a ƙwarya, ka sha, magana ta mutu. Wanda ya tafi bai sha ba, an ce bakin mutane kan bi shi har cikin jirgi. Ga mutumin kirki wannan aikin yamma ɗaya ne. Na ce wa Tobias shi kam sai dai a tara garin a filin ƙwallo a kawo tankar ruwa.

Ni ce babbar da ta rage, ni na bi shi da sandata. A ƙofar kowane gida sai ya ba ni waya in soke a ƙugun zanina, ya cire hula, ya durƙusa, ya ce a yafe masa, wanda kuma yake son ramawa ya rama.

"Ko'ina, amma banda fuska. Fuska na Lois ne."

Wasu suka yi dariya suka ba shi ruwa. Furera mai abinci, wadda ya taɓa kifar wa tukwane da miya a ciki, ta ɗauko muciya ta ba shi a gadon baya har ta gaji, sannan ta zuba masa shinkafa da wake. Mahaucin ya zage shi tun daga kakanni, har ni zagin ya shafa, na rama wa kaina. Wani direba mai giɓi huɗu, aikin Tobias ne duka huɗun, ya tsula masa bulala a ƙafafu, ya fashe da kuka, suka rungume juna. Yara a unguwa suka mai da maganar waƙa, suna bin mu a baya suna ko'ina banda fuska. Bayansa ya zama kamar fatar ganga, fuska kuwa ko sauro bai sauka ba.

Saura gida ɗaya. Caroline ta durƙusa masa a tsakar gida ta ce kada ya je. Ni ma na ce ya aika fasto da akuya, ya isa. Ya ce Lois ba za ta tambaye shi direbobi ba. In ta buɗe masa ƙofa ta dube shi, gida ɗaya za ta tambaya, ko da ba ta furta ba.

Da la'asar muka isa Sarkin Dawaki. Noah na zaune a rumfar aikinsa cikin ɓawon katako, yana goge wata kujera. Ban gan shi kusa ba tun ranar. Gefen fuskarsa na hagu ya lotsa kamar ƙwaryar da aka taka, fatar ido ta manne a kan rami. Ya dube mu da ɗayan idon, ya sa aka kawo mini kujera. Tobias ya miƙo mini waya. Ya cire takalmi. Ya cire hular kwano ya ajiye a gefe, ya durƙusa a kan ɓawon katako. Ya fara magana ke nan Paul ya fito daga bayan rumfa, shi da ƙannensa biyu. Warin giya ya riga shi isowa. A hannunsa guntun katako ne mai kauri, irin na ƙafar gado.

"Surukina ya zo sallama," in ji Paul. "An ce fuskarka ta zama fasfo. Kawo in buga maka hatimi."

Ya ɗaga ya sauke. Tobias ya riga shi, ya haɗa damatsa biyu ya rufe fuska, katako ya sauka a kan ƙashin hannu. Na ji ƙarar har cikin haƙorana, waɗanda suka rage. Ya dunƙule a ƙasa kamar bushiya, goshi a cikin gwiwar hannu. Ƙannen suka kama hannuwan, ɗaya nan ɗaya can, suna ja. Hannun da ya shekara talatin yana ɗaga buhunan doya zuwa saman mota, ina za su iya? Ɗaya ya murɗe masa ɗan yatsa har ya karye, bai buɗe ba. Sai Paul ya ce a bar hannu, a bi ta ciki, zai buɗe da kansa.

Suka bi ta ciki. Ƙafa, katako, ƙafa, katako, duk a haƙarƙarin hagu da ciki, wurin da hannu ya bari a buɗe. Duk bugu sai iska ta fita masa ta baki kamar ana taka mafitsarar rago da yara suka hura. Mutumin nan da tashi ɗaya zai yi ya shimfiɗa su ukun. Na san shi, na ga wuyan yana kumbura. Ni da kaina na ce masa, "Tashi, ɗan banza, tunkuye su!" Bai tashi ba. Na jefi Paul da sandata, na zagi uwarsa da ke kabari, Allah ya gafarta mini, aminiyata ce. Maƙwabta suka taru a bakin rumfa, babu wanda ya shigo. Rabinsu suna da nasu tabon.

Noah na zaune yana kallo da idonsa ɗaya. Ya daɗe yana kallo, ya fi yadda ya kamata, wannan shi ma ya sani. Sannan ya buga guduma a kan teburin aiki ya ce ya isa. Paul ya ƙara ɗaya. Noah ya sake cewa ya isa, da muryar da ban san yana da ita ba. Ya shiga gida, ya fito da ƙwarya cike da ruwa, ya tsaya a kan Tobias.

To ga ruwa, ga hannu a kan fuska, ga Paul tsaye da katako taku ɗaya daga wurin, yana haki. Ba a shan ruwa da fuska a rufe. A hankali Tobias ya ja jiki ya durƙusa. Ya sauke hannun dama. Ya sauke na hagu. Ya ɗaga fuskar sama, ya rufe ido, ya miƙa ta.

Noah ya sunkuya ya dube ta kusa, kamar yadda yake duba katako kafin ya saya.

"Ka kiyaye ta da kyau," in ji shi. "Tawa fuskar, ko uwata ta tashi daga kabari yau sai ta tambayi sunana. Sha, ka kai mata."

Ya sha. Yatsan da ya karye ya sa rabin ruwan ya zube masa a ƙirji. Paul ya yar da katako ya zauna a ƙasa ya kifa kai a gwiwa.

Muna fita titi ya miƙo hannu. Na zaro wayar daga zanina. Ya ɗaga, ta buɗe. Ya fara dariya, dariyar ta tsaya masa a haƙarƙari, ya dafe gefen hagu ya jingina da katanga. Na ce mu wuce asibiti. Ya ce a'a, likita zai kwantar da shi jirgi ya tashi, kuma masu jinya duk bakinsu ɗaya, kafin ya kwanta labari ya kai wa Lois cewa an yi faɗa. Na ce ai ba ka yi faɗa ba, dukanka aka yi. Ya ce wa zai yarda.

Caroline ta gasa masa jiki da ruwan zafi, ta shafa man zafi, mai ɗori ya ɗaure yatsa. Ya sa riga mai dogon hannu. Kwanakin da suka rage ya yi su a kwance, yana cewa kafaɗar hagu ce kawai ke damunsa, alhali ba a doke shi a kafaɗa ba. Ranar tafiya na ga leɓensa ya yi fari kamar ya ci alli. Amma ya yi aski, ya shafa mai, ya sa kwat. A filin jirginmu na nan na ce masa in ya ga Baturiya kada ya manta yana da uwargida a Barade. Ya ce wa zai tuna da tsohuwar tabarma. Iyakar maganarmu ke nan.

Sauran labarin Caroline ce ta ba ni. Sun sauka Abuja lafiya, sai dai yana ta neman ruwa, yana gumi cikin sanyin na'ura. Da aka zo layin fita ƙasa ya ƙi zama, ya ƙi a riƙe shi. Suka iso ƙofar gilashi. Caroline ce a gaba. Ta nuna waya, ta kalla, ƙofa ta ƙi. Ko ɗankwalinta ne, ko kumburin idon da ta yi don kuka, oho. Ta ce a ranta shi ke nan. Sai wata jami'a ta yafito ta gefe, ta karɓi littafin fasfo, ta dubi hoto, ta dubi Caroline, ta ce wuce, Mama, yakan faru. Haka kawai. Ko minti ba a ɓata ba.

Tana mayar da littafin cikin leda ta waiwayo. Tobias na tsaye gaban ƙofar, ya miƙe ƙyam kamar soja, ya ɗaga haɓa. Fitila ta yi kore, gilashi ya rabu biyu. Ya shige, ya juyo yana nemanta da ido, baki har kunne, har guntun kunnen.

"Caroline, ya gane ni."

Ya yi 'yan taku, ya zauna a ƙasa kamar mai son ɗaure takalmi, ya kwanta. Ma'aikatan wurin sun yi ƙoƙari, an garzaya da shi asibiti. Likita ya ce saifa ce ta tsage tun ranar dukan, ta riƙe, ta riƙe, sannan ta saki. Cikinsa cike yake da jini.

'Yan sanda suka tafi da Paul da ƙannensa, maganar na kotu. Ana gobe za a kawo gawa sai ga keke a ƙofar gida ɗauke da akwatin gawa, daga Noah. Dangi suka ce a mayar masa, wasu suka ce a ƙona. Na ce duk wanda ya taɓa akwatin nan zai san wurin da Tobias ya gado hali. An sha ruwa a gabana, magana ta mutu. Akwatin madaci ne, ya sha goge, kuma ya yi masa 'yar taga ta gilashi daidai fuska.

Lois ta zo da Murna a kafaɗa. Matan zumunta na waƙa a tsakar gida, mutane na wucewa layi suna leƙa taga. 'Yan tasha sun cika unguwa, masu giɓi da masu karkataccen hanci, kowa da hularsa a hannu. Da ta iso ta daɗe a kan gilashin. Sannan ta ce a buɗe murfin. Ta miƙa mini jaririyar. Ta bi fuskar da yatsa, goshi, gira, hanci, kunne, kamar mai duba kayan da ta ba da ajiya. Babu sabon abu ko ɗaya. Sai ta kama hannun kwat ɗin ta ja sama. Daga wuyan hannu har gwiwa baƙi ƙirin, kamar itacen da wuta ta lasa. Ta ja ɗayan, haka. Ta mayar, ta gyara masa maɓalli.

Ta zo ta zauna kusa da ni, ta yi magana yadda ni kaɗai zan ji.

"Kaka, ƙwarzane ba ya hana ƙofar nan buɗewa."

Na ce mata na sani, uwarta ma ta gefe ta wuce. Na ce amma ubanta ba ƙofar gilashi ya ji tsoro ba, tata ƙofar ce, kuma ta daina ɗaukar wa kanta kayan da maza uku da katako suka ɗaura. Murna ta farka a cinyata tana mutsu-mutsu, ta ja kai baya, ta sauke mini shi a haɓa. Na shafa goshin. Na ce wa Lois ta tashi ta kai wa kakan yarinyar nan ita ya gani kafin a rufe, amma ta riƙe ta da kyau, kada ta fasa wa Noah gilashi.